Suna Linzami Ne: Yadda Aka Raɗa Wa Sankarar Jini Sunaye

Yau tarihi nake so mu ɗan taɓa, tarihin yadda likitocin duniya suka kwashe shekara kusan 200 suna jayayya a kan sunan da za su kira wasu cututtuka, waɗanda mu a nan muka haɗa su wuri guda muka ce sankarar jini, wasu su ce kansar jini, dattawa kuma su sassauta murya su ce daji ne ya shiga jini. A ƙasar da na zauna kafin in dawo gida, idan likita ya ce wa mutum yana da wannan ciwo, tambayar da ake fara yi masa ita ce, wace iri? A nan Bekaji kuwa, da sauran unguwannin Jimeta da na sani, da zarar an ji kalmar sai kowa ya yi salati, a fara lissafin kwanaki. Alhali kalmar nan guda ɗaya ta rufe cututtuka masu yawan gaske. Akwai wadda ke kashewa cikin makonni idan ba a yi magani ba, amma tana warkewa sarai idan an yi. Akwai wadda ake riƙe ta da ƙwaya ɗaya kullum. Akwai kuma wadda dattijo zai shekara goma da ita likita bai ba shi komai ba sai dai ya riƙa duba shi. Abin da ya raba su shi ne suna, kuma sunayen nan wahala aka sha kafin a same su.

Labarin ya faro ne a Landan a 1832, lokacin da wani likita mai suna Thomas Hodgkin na asibitin Guy's ya ba da bayanin mutum 7 da suka mutu da kumburarriyar kaluluwa, galibinsu har da saifa. Shi da idonsa kawai ya duba, bai sa naman a madubin likita ba. Aka manta da aikin, sai Samuel Wilks ya tono shi, a 1865 ya laƙaba wa cutar sunan Hodgkin. Wani abin lura shi ne, da aka sake duba ragowar naman da asibitin ya adana, a 1926, sai aka ga ba duka ne suke da cutar ba, a cikinsu har da mai tarin fuka. Ka riƙe wannan mai karatu, domin ruɗanin da ke tsakanin kaluluwar tarin fuka da ta sankara har gobe muna fama da shi a ƙasar nan.

A 1845 kuma sai mutum biyu, tsakaninsu makonni kaɗan, suka ga wani abin mamaki a jinin gawa. John Hughes Bennett a Edinbara ta Sukotland ya ga jinin ya yi kauri ya yi fari-fari, ya ce ai mugunya ce ta cika jijiyoyi. Rudolf Virchow a Balin ta Jamus, saurayi ɗan shekara 24, ya ga irin wannan jini amma ya ƙi yarda mugunya ce, tunda bai ga wani gyambo ko ƙurji da za ta fito daga ciki ba. Sai ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani, ya ce farin jini, ba irin wanda Bahaushe ke roƙon Allah Ya ba shi ba. A 1847 ya mayar da kalmar zuwa Girkanci, ta zama lukimiya, sunan da ake amfani da shi har yau. Mutanen biyu sun daɗe suna cacar baki a kan wanda ya riga gani, amma sunan Virchow ne ya zauna, saboda bai ɗora wa cutar dalilin da ba shi da hujjarsa ba.

Daga nan sai aka shiga rarrabewa. A 1868 Ernst Neumann ya nuna cewa a ɓargo ake ƙera jini, wato can ne tushen cutar. Sai kuma Paul Ehrlich, tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1870, ya ɗauko rinin da masaƙun Jamus ke rina tufafi da shi ya ɗiga a kan jinin da aka shafa a gilashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san ba kowane zare ke shan baba daidai da ɗan'uwansa ba. Haka fararen ƙwayoyin jini suka yi, wasu suka sha ja, wasu shuɗi, wasu tsaka-tsaki, sai ga shi abin da ake zaton iri ɗaya ne ashe dangi ne masu yawa. Rinin Leishman na 1901 da na Giemsa na 1904, waɗanda yaran ɗakin gwaji suke duba zazzaɓin cizon sauro da su a nan Jimeta, jikokin wannan aiki ne. Kafin a yi nisa cikin ƙarni na 20 an tsayar da gidaje huɗu na lukimiya bisa tambaya biyu: mai gaggawa ce ko mai tafiyar hawainiya, kuma daga dangin ƙwayoyin ɓargo ta fito ko daga dangin ƙwayoyin kaluluwa. Ita kuma wadda ke tsirowa a kaluluwa kanta ta yi ƙari, aka kira ta limfoma. Carl Sternberg a 1898 da Dorothy Reed a 1902 suka siffanta wata ƙatuwar ƙwaya mai kama da idon mujiya, wadda da ita ake gane cutar Hodgkin a raba ta da tarin fuka.

Duk wannan a Turai da Amurka aka yi shi, kuma a zamanin Turawan mulki da yawan likitocinsu sun ɗauka baƙar fata bai cika yin sankara ba. To amma a 1934 wasu likitoci biyu a Legas, Smith da Elmes, suka buga bincike a kan ƙari 500 da aka yanko daga jikin 'yan Najeriya, a ciki har da na yara. Cutar tana nan, masu duba ta ne babu.

Wanda ya buɗe idon duniya a kan Afirka shi ne Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, mai ido ɗaya, domin ya rasa ɗayan tun yana yaro. A 1957 a asibitin Mulago na Kampala aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Ba a jima ba ya ga wani irinsa. Da ya bi tsofaffin takardun asibiti sai ya gane cewa abin da likitan ido ke kira ƙarin ido, likitan haƙori ya kira ƙarin muƙamuƙi, likitan fiɗa ya kira ƙarin ƙoda ko na ciki, duk cuta ɗaya ce da aka yi wa sunaye barkatai, kowa ya raɗa mata sunan gaɓar da ya tarar da ita. A 1958 ya buga bayanin yara 38. Shi kansa a lokacin ya sa ta a dangin sankarar tsoka da ƙashi, sai abokin aikinsa Gregory O'Conor ya duba a madubi ya tabbatar limfoma ce. Masu duba nama suna cewa kamanninta a madubi kamar sararin sama ne da taurari a daren da babu wata.

Burkitt bai tsaya nan ba. Ya aika takardun tambaya ɗauke da hotuna zuwa asibitocin Afirka, sannan a 1961 shi da abokansa biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000 cikin mako 10, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka, ko'ina tambayarsu ɗaya, kuna ganin yara masu irin wannan kumburi? Da aka zana amsoshin a taswira sai aka ga cutar tana bin zafi da damshi. Inda ƙasa ta yi tudu sanyi ya yi yawa babu ita, inda ruwan sama ya yi ƙaranci ma ta yi ƙaranci. Da ya zo Najeriya ya tarar tana da yawa a kudu, amma ba a cika kawo rahotonta daga kewayen Kano ba. Daga baya, da aka samu asibitocin koyarwa a Zariya da Jos da Maiduguri da Kano, rahotanninsu sun nuna tana cikin sankarar da ta fi kama yara a arewa ma. Taswirar nan dai ta yi daidai da taswirar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma a kan haka masana suka tsaya daga ƙarshe.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan, wani mai bincike, Anthony Epstein, yana zaune yana saurare. Ya roƙi a riƙa aiko masa da naman ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Bayan shekara uku na wahala, a 1964, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar bairos a cikin ƙwayoyin ƙarin, ita ce ake kira Epstein-Barr, bairos ta farko da aka danganta da sankarar ɗan'adam. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba. Amma yaron da ya kamu da ita tun yana jariri, zazzaɓin sauro kuma ya yi ta dukansa damina bayan damina, ƙwayoyin garkuwar jikinsa suna ta hayayyafa ba hutu, a irin wannan gaggawa ce ake yin kuskuren da ke haifar da cutar.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne rawar da Najeriya ta taka. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda George Edington ya kafa rajistar masu sankara a 1960, Robert Pulvertaft ya ɗauki ƙwayoyin ƙarin muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11 a 1963, ya raine su a kwalba suka ci gaba da hayayyafa. Ana kiran su Raji, kuma har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya, ana gwada sababbin magunguna a kansu. A Ibadan ɗin ne kuma Victor Anomah Ngu, ɗan maƙwabciyarmu Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna cewa allurar maganin sankara kaɗai tana narkar da ƙarin nan cikin kwanaki, har wasu yaran su warke. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da wasu likitoci. A arewa kuma Farfesa Alan Fleming ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana rubuta yadda lukimiya da limfoma suke bayyana a jikin mutanenmu.

Mu koma kan rikicin suna. A shekarun 1970 abin ya zama kasuwa. Amurkawa suna bin tsarin Henry Rappaport, Turawan Jamus da maƙwabtansu suna bin na Karl Lennert da aka fi sani da tsarin Kiel na 1974, a shekarar kuma Lukes da Collins suka fito da nasu, Ingila ma da nata. Nama ɗaya za a yanko, likitan Landan ya ba shi suna, na Shikago ya ba shi wani, ta yadda idan an ce wani magani ya yi aiki a can, ba wanda zai iya rantsuwa cewa cuta ɗaya ake magana a kai. A 1982 aka yi wani sulhu na wucin gadi da ya raba limfoma gida uku bisa saurinta, amma bai gamsar da kowa ba. Ɓangaren lukimiya ya fi sa'a. A 1976 masana 7 daga Faransa da Amurka da Birtaniya suka zauna suka yi ta duba gilasan jini tare har bakinsu ya zo ɗaya, suka fito da tsarin FAB, mai lambobi M1 zuwa M6 ga dangin ɓargo, L1 zuwa L3 ga dangin kaluluwa. Daga baya aka ƙara M7 da M0. Lambar L3 kuwa ba wata ba ce illa cutar Burkitt idan ta malala cikin jini. Alherin wannan tsari shi ne madubi da rini kawai yake buƙata, shi ya sa har yanzu za ka ga lambobinsa a takardun asibitocinmu.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙwayoyi biyu za su yi kama a madubi amma halinsu ya sha bamban. Abin da ya warware wannan shi ne duba cikin ƙwayar kanta. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai littafin halitta da aka rubuta cikin juzu'i 23, kowane juzu'i kwafi biyu, su ne ake kira kuromosom. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya suka lura cewa masu lukimiyar ɓargo mai tafiyar hawainiya suna da wani juzu'i da ya gajarce. A 1973 Janet Rowley ta Shikago ta gano cewa ba ɓacewa shafukan suka yi ba, musaya aka yi tsakanin juzu'i na 9 da na 22. A cutar Burkitt ma aka ga irin haka a 1976, tsakanin na 8 da na 14, kuma a 1982 aka gane cewa musayar tana ɗauko umarnin hayayyafa ta ajiye shi a inda ba a taɓa kashe shi, shi ya sa ƙarin ke iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Daga nan suna ya zama linzamin magani sosai. Lukimiyar da FAB ta kira M3, wadda a da take kashe mutum da zubar jini cikin kwanaki, likitocin Shanghai ƙarƙashin Wang Zhenyi suka nuna a 1988 cewa wani magani dangin bitamin A yana sa ƙwayoyinta su nuna su daina ɓarna, yau tana cikin masu saurin warkewa. Maganin kuwa ita yake yi wa aiki, ba M2 ko M4 ba. Mai juzu'in Filadelfiya kuma aka samo mata ƙwayar imatinib, wadda Amurka ta amince da ita a 2001. A Najeriya an fara raba ƙwayar nan kyauta a 2003 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi, kuma shekaru da dama can kaɗai ake zuwa. Sharaɗin shi ne gwaji ya tabbatar kana da musayar nan ta 9 da 22. Wato a lokacin mutumin Yola sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma abin da zai buɗe masa ƙofa shi ne cikakken sunan cutarsa.

Su ma masu limfoma sun sasanta a 1994, lokacin da masana 19 daga Turai da Amurka da Asiya suka fito da tsarin REAL, wanda ya ce kada a sa wa cuta suna sai an haɗa abu huɗu: kamanninta a madubi, tambarin da ke jikin ƙwayoyinta, abin da ke cikin littafin halittarta, da kuma yadda take tafiya a jikin majiyyaci. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina littafinta na 2001, ta sabunta shi a 2008 da 2016. Har iyakar da ke raba lukimiya mai gaggawa da wadda ba ta kai ba aka matsar, daga kashi 30 cikin 100 na ɗanyun ƙwayoyi a ɓargo zuwa kashi 20. Kada kuma mai karatu ya ɗauka an gama. A 2022 masanan suka sake rabuwa biyu, hukumar ta fitar da bugu na biyar, wani rukuni kuma ya fitar da nasa daban. A bugun na biyar an ba da shawarar a raba cutar Burkitt bisa ko akwai bairos ɗin a ciki ko babu, maimakon tsohon rabon da ke cewa wannan ta Afirka ce, waccan ta sauran duniya.

To ina muka tsaya mu a nan? Muna zaune a bakin Binuwai, ga fadamun Geriyo da shinkafarsu, ga zafi, ga sauro da damina, wato irin ƙasar da taswirar Burkitt ta zana. Yaranmu ne suka ba duniya naman da aka yi wannan ilimi da shi, amma sunayen zamani sun dogara ne da gwaje-gwajen da a mafi yawan garuruwan arewa sai an aika samfuri Abuja ko Legas ko ƙasar waje, da kuɗin da talaka ba shi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. A shirinta na 2018, mai burin kai wa kashi 60 kafin 2030, uku daga cututtuka 6 da ta sa a gaba na jini ne: lukimiyar yara mai gaggawa, cutar Hodgkin da cutar Burkitt. An zaɓe su ne don suna warkewa. Babban abin da ke cin yaranmu shi ne jinkiri da sunan da ba daidai ba. Kumburin muƙamuƙi a ce hangum ne ko haƙori, a cire haƙorin a koma gida. Kaluluwar wuya a ce tarin fuka ce, a sha magani wata 6 ba a yanki nama an duba ba. Ƙarancin jini da ciwon ƙashi a ce sikila ce, ko a ce jifa ne a nufi wajen mai magani. Ƙarin da ke ninka kansa cikin kwana biyu ba ya jiran a gama wannan zagaye.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan'uwa. Idan yaro ya yi kumburin fuska ko na ciki mai saurin girma, ko haƙoransa suka fara girgiɗi ba dalili, ko kaluluwa ta ƙi sacewa bayan makonni, ko zazzaɓi ya ƙi jin magani ga fari ga zubar jini a dasashi, a nufi babban asibiti, ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola. Idan likita ya ce zai yanki nama ko ya zuƙi ɓargo, a yarda, da shi ake samun sunan, kuma maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ta sa mun yi asarar rayuka da yawa. Idan sakamako ya fito, a ce wa likita cikin ladabi, ranka ya daɗe, wace iri ce, mai gaggawa ce ko mai jinkiri, akwai wani gwajin da ya rage? A sa ya rubuta sunan cikakke a takarda, a adana ta, domin duk asibitin da za a je gaba ita za a fara tambaya. 'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje kuma, masu aiko da kuɗin magani, ku fara da biyan kuɗin gwajin da zai tabbatar da sunan kafin a sayi allura ko ɗaya.

Rai da ajali a hannun Allah suke, wannan ba mai musu. Amma neman magani umarni ne, kuma a wannan ciwo neman magani daga neman suna yake farawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.